Mu Kira Kowane Nauyi Da Sunansa

Jawabin da aka gabatar a madadin shugabannin ƙungiya ranar taron cika shekara goma



Muna miƙa gaisuwa ga mai girma Dagaci, Allah ya ja zamaninka, da masu unguwanni da suka rako shi. Muna gaishe da Malam Liman, Allah ya gafarta Malam, da malamar asibiti da malamin gona waɗanda ba su taɓa ƙin amsa kiranmu ba. Iyayenmu mata da ke zaune a gaba, sannunku da zuwa. Mazajenmu da suka ba mu izini, wasu ma suka biyo mu har nan, Allah ya saka da alheri. 'Yan'uwa mata 'yan ƙungiya, barkanmu da ganin wannan rana.

Lissafin kuɗi ma'ajiya za ta karanto shi bayan mun zauna, ba za mu shiga hurumin ta ba. Mu abin da aka ɗora mana shi ne mu yi magana a kan wata kalma guda ɗaya wadda ta shigo gidajenmu ba sallama, har ta samu tabarma ta zauna. Kalmar ita ce "sitires". Wata za ta ce, shekara goma ana tara kwabo da sisi, yau kuma a ɓige da zancen Turanci? To, a yi mana haƙuri a saurara, domin a shekarun nan mun lura cewa yadda mace ke faɗin abin da ke damun ta, shi ke nuna irin taimakon da za ta samu, ko ma ta rasa shi gaba ɗaya.

Mu fara da inda muke jin kalmar. Yarinya ta dawo daga makaranta lokacin jarrabawa, ta jefar da jaka, ta ce, "Inna, yau na sha sitires." Gajiya take nufi da fargabar faɗuwa. Ɗan acaɓa, in kin tsaya ciniki a kan kuɗin kai ki kasuwar Dambatta ranar Lahadi, sai ya ce, "Hajiya, kada ki ba ni sitires." Shi kuma nufinsa kada ki wahalar da shi. Malamar asibiti ta ɗaura miki abin awo a dantse, ta duba, ta ce, "Baba, ki rage sitires." Ita tunani take nufi da yawan aiki ba hutu. Masu kiwon kaji a cikinmu sun san maganin sitires da ake sayarwa a shagon maganin dabbobi. 'Yan tsakin da aka kwaso tun daga Ibadan cikin kwali, in sun iso Kano a galabaice, ruwan gulukos da bitamin ake fara ba su kafin abinci. In bazara ta yi tsanani, kaza ta buɗe baki tana haki, ta saki fukafukai, ƙwai ya ragu, shi ma sunansa ke nan. Malamin gona ma yana faɗin ta. In ruwa ya ɗauke kwana goma sha a tsakiyar damina, ganyen masara ya naɗe, gero ya yi yaushi, sai ya ce shuka ta shiga sitires.

Akwai ma wata ma'anar da malaman Turanci ke koya wa yaranmu, wato inda ake danna murya a cikin kalma. Mu a Hausa da hawa da saukar murya da jan wasali muke rarrabewa. Ku faɗi "kuka" na hawaye, sannan ku faɗi "kuka" ta miya. Ku faɗi "wuya" da ake ɗora wa kaya, sannan ku faɗi "wuya" da ake sha. A takarda rubutunsu ɗaya ne, kunne ne ke raba su. Ku riƙe wannan, domin za mu dawo kan aikin kunne.

Kafin likitoci su ɗauki kalmar, magina da masu ƙera ƙarfe ne ke amfani da ita, suna nufin nauyin da ke kan abu da yadda abin ke jure shi. Wannan ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu. Duk maginin soro ya san iyakar faɗin da azara za ta iya ɗauka. In ɗaki ya wuce wannan faɗi, ba ya cewa azara ta yi haƙuri. Ginshiƙi yake kafa mata, ko ya ɗaura baka, domin ya san in damina ta jiƙa ƙasar da ke bisa, nauyin zai ƙaru. Azara kuwa ba ta karyewa rana ɗaya. Lanƙwasa take fara yi kaɗan-kaɗan, rufi ya soma yoyo, mai ido ya gani ya tare.

A shekarar 1936 wani likita mai suna Hans Selye, yana aiki a birnin Montiriyal na ƙasar Kanada, ya yi gwaji da ɓeraye. Wasu ya sa su cikin sanyi, wasu ya sa su aikin da ya fi ƙarfinsu, wasu ya yi musu allurar abubuwa masu cutarwa. Abin da ya gano shi ne, ko wace irin wuya suka sha, jikinsu hanya ɗaya yake bi. Da farko jiki ya firgita ya tashi tsaye, sannan ya daure yana jurewa, in abin ya ƙi ƙarewa kuma ƙarfi ya ƙare, ciwo ya shigo. Shi ne daga baya ya yaɗa wannan kalma a tsakanin likitoci, har ta zagaya duniya ta iso ƙauyenmu.

Abin da ke faruwa a jikin ɗan Adam kun san shi ko ba a karanta muku ba. In kika ɗaga buhu kika ga maciji, gabanki ya faɗi, zuciya ta shiga bugawa da sauri, baki ya bushe, ƙarfin da ba ki san kina da shi ba ya zo miki. Wasu 'yan ƙananan halittu ne a saman ƙoda ke sako sinadarai cikin jini, ɗaya ana ce masa adirenalin, ɗaya kotizol, don su shirya ki gudu ko kare kai. Rahama ce daga Allah. In macijin ya tafi, jiki ya koma daidai. Matsalar ita ce macijin da ba ya tafiya, irin su bashi, rashin lafiyar yaro, rigimar gida. Jiki ya zauna a tsaye dare da rana kamar mai gadi, barci ya ƙaura, abinci ya fita daga rai, kai ya yi ta sarawa.

Kada kuma mu ɗauka duk matsi sharri ne. Mu masu man gyaɗa mun fi kowa sani. In an soya gyaɗa an kai inji an markaɗa, sai an zuba a turmi an juya, ana ɗiga ruwan zafi ana matsawa, sannan mai ke fitowa. Ranar zubi da ke tafe ita ke tashin mu da asuba mu hura wuta. Amma wadda ta iya sana'a ta san lokacin da mai ya gama fita. Daga nan in kin ci gaba da matsa tunkuza, hannunki kawai za ki kashe.

Yanzu mu dawo gida. Inda Bature ya tara abubuwa da yawa a buhu ɗaya, Hausa ta rarraba su ƙwarya-ƙwarya, kuma kowace ƙwarya da maganinta.

Akwai gajiya. Wannan ta jiki ce, ta wadda ta yi sussuka, ta yi surfe, ta ɗebo ruwa, ta yi tuwon gida mai mutum goma sha. Maganinta hutu da abinci da barci, da kuma wanda zai karɓe ta. In an kwana an tashi ta tafi, to gajiya ce. In an yi sati ana kwana ana tashi da ita, a nemi wani sunan.

Akwai wahala da ɗawainiya. Su ne aikin da ba ya ƙarewa, kamar jinyar tsohuwa, ko renon marayu, ko riƙon gida ke kaɗai maigida ya tafi ci-rani Legas ko Abuja tun bayan kaka. Barcin dare ɗaya ba ya sauke wannan. Sai an raba aikin, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Akwai matsi, wanda muke ce wa babu, ko ƙuncin rayuwa. Wannan na aljihu ne. Ba a yi masa allura, kuma nasiha kaɗai ba ta ciyar da yaro. Jari yake so, da kasuwa, da lissafi. Domin shi aka kafa wannan ƙungiya.

Akwai fargaba da zullumi, su na abin da bai zo ba tukuna ne. Ko ruwa zai kai ƙarshen Satumba? Ko yaron da ya tafi nema zai dawo lafiya? Akwai ɓacin rai, wanda mutum ne ke jawo shi, kishiya ko suruka ko miji ko maƙwabciya, kuma sulhu ne maganinsa.

Sai babbarsu, damuwa. Ku dubi hikimar iyayenmu a kan wannan kalma. Mukan ce an dama fura, fura ta damu. Mukan kuma ce abu ya dame ni, na damu. Ai kalma ɗaya ce. In fura ta damu, ba ki iya ware gero daga nono. Haka zuciyar da ta damu take, bashi da gajiya da ɓacin rai sun cakuɗe, mai ita ma ba ta san wanne ne ya fi yi mata ciwo ba. Shi ya sa in kin tambaye ta sai ta ce, "Ni dai ban san abin da ke damu na ba." Gaskiya ta faɗa, ba ɓoyewa take yi ba. Abin da take buƙata shi ne wadda za ta zauna da ita su warware zaren ɗaya bayan ɗaya.

Kun ga ke nan, in mace ta ce "sitires" muka tsaya a nan, ba mu san ko hutu za mu ba ta ba, ko jari, ko sulhu, ko kuɗin mota zuwa asibiti. Ba muna cewa a kori kalmar ba ne, ta riga ta zama 'yar gida, kuma tana da amfaninta. Yarinyar da kunya ba za ta bar ta ta ce wa uwarta "ina cikin damuwa" ba, tana iya cewa "ina da sitires" da murmushi. To, wannan ƙofa ce ta buɗe miki, Inna. Ki shiga, ki tambaye ta wane iri.

Amma akwai kalmar da ta fi wannan rufe mana ido, kuma tamu ce ta gado. "Ina gajiya?" "Ba gajiya." "Yaya gida?" "Lafiya lau." "Me ya same ki?" "Ba komai." Mace za ta kwana ba ta runtsa ba, da safe ki gaishe ta ta ce ba gajiya. Ba laifi ba ne, tarbiyya ce da godiyar Allah, kuma ba ma so ranar da za ta zo a gaishe da mutum ya kwance buhun ƙorafi a bakin hanya. Gaisuwa dai gaisuwa ce. Kuskuren shi ne a ɗauki amsar gaisuwa a matsayin labarin zuciya. Labarin zuciya fuska ake tambaya. A nan ne aikin kunnen nan ya shigo. "Ba komai" da aka faɗa ana dariya daban, "ba komai" da aka faɗa ana kallon ƙasa ana murza bakin mayafi daban, ko da yake kalmomin ɗaya ne.

An raine mu da cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma haƙuri maganin zaman duniya. Duka gaskiya ne. Sirrin aure da na gida ba na kasuwa ba ne. Sai dai iyayen da suka faɗi waɗannan su ne kuma suka ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Malamanmu suna nan, su gyara mana in mun karkace: haƙuri bai hana neman magani ba, kuma wadda ta gaya wa 'yar'uwarta ta amana halin da take ciki ba ta yi wa Allah butulci ba.

Mu dubi inda nauyin namu ke fitowa, domin ba daga sama yake faɗowa ba. Ƙasar nan tamu, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi, daga Minjibir zuwa Dambatta da Makoɗa da Kunci, gona na jingine da gona, ba dajin da za a sara a ƙara. Gandun da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki sun raba shi kowa da 'yar gayaunarsa. Ƙasa ba ta hutawa, don haka sai da taki, na gargajiya da na zamani. In rumbu ya yi ƙasa kafin sabon gero ya nuna, wa ake duba? Akuyar uwargida, da kuɗin ƙuli-ƙulinta, da daddawarta, da hular da take ɗinkawa. Iyayenmu da ke nan sun ga farin 1973, sun ga cutar da ta cinye gyaɗa a 1975, sun ga na 1984. Mu kuma mun ga namu. A farkon 2023 canjin kuɗi ya sa mace tana da kaya ba mai takardar kuɗin saye. Ranar 29 ga Mayun shekarar aka sanar da cire tallafin man fetur, kuɗin mota da na niƙa da na markaɗe duk suka tashi, mudun gyaɗa ya bi su. Wanda ya ce wa macen da ke cikin wannan hali "ki daina tunani" bai faɗi komai ba.

Wani nauyin kuma mu muke ɗora wa juna. Kayan ɗaki, gara, anko, gudummawar biki da ake rubutawa a littafi don a rama da ƙari. Uwa za ta fara tara kwanuka tun 'yarta na goye, ranar kai amarya kuma a zo a ƙirga a ce ba su kai na gidan wance ba. Wadda ta daka rawar wata, ai ta rasa turmin daka tata.

Sai bashi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ƙungiyarmu bashi take bayarwa, don haka dole mu faɗi gaskiya a kansa. Rance yana ɗaga mace, mun gani da idonmu. Amma rancen da aka karɓa don sayen gyaɗa, in ya tafi asibiti ko ya tafi biki, ranar biya ba ta fasa zuwa. Daga nan sai a shiga adashi na biyu don a biya na farko, a ciyo na uku don a rufe na biyu. Alamar farko kuwa mun san ta. 'Yar'uwa ta fara aiko yaro da zubinta maimakon ta zo. Sai zubin ya fara tsallake. Sai ta daina bin layin gidan ma'ajiya. In muka kira wannan taurin bashi, za mu aika mata da saƙon gargaɗi. In muka gane kunya ce da matsi, da ƙafarmu za mu je.

Akwai kuma inda magana ta wuce ta ƙungiya ta zama ta asibiti, kuma muna roƙon kowa ya buɗe kunne a nan.

Na farko hawan jini. Mukan ce tunani ne ke kawo shi, kuma lalle damuwa tana tayar da jini. Amma akwai gado, akwai shekaru, akwai ƙiba, akwai gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma dunƙulen ɗanɗano da muke jefawa a miya shi ma gishiri ne a cikinsa. Mugun halin hawan jini shi ne sau da yawa ba ya nuna alama. Mace na jin kanta garau, sai dai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye. Awo ne kaɗai ke tona shi. In an auna a ranaku daban-daban ana samun 140 bisa 90 ko sama da haka, to a bi maganar likita. In an ɗora ki a kan magani, kada ki ajiye don kin ji sauƙi.

Na biyu mai juna biyu. In ta ce kanta na sarawa ba sauƙi, fuska da hannu sun kumbura, ido na ganin dishi-dishi, kada wanda ya ce mata gajiya ce ko laulayi. Wannan kan zama mafarin jijjiga, kuma tana ɗaukar uwa da ɗa. A nemi mota a lokacin, ba sai gari ya waye ba.

Na uku mai jego. An yi suna, baƙi sun watse, ita kuma kullum kuka ba dalili, ba ta barci ko jariri ya yi barci, ba ta marmarin ɗaukar sa. Ba rashin godiya ba ne, ba kuma sangarta ba. Ciwo ne sananne, yana da magani.

Na huɗu ciwon damuwa kansa. In mutum ya haura sati biyu ransa a jagule kusan kullum, abin da yake so da can ya fita daga ransa, ba ci ba barci ba shiga mutane, to ya wuce a ce masa ya yi haƙuri. In har ya kai ga cewa gara ya mutu ya huta, kada a ɗauka zance ne. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da fiya-fiya da maganin feshi da na ɓera daga inda hannunsa zai kai, a tafi da shi asibiti. Mun san abin da ake fara cewa a gidajenmu, iska ce, ko sammu. A yi addu'a, a yi ruƙiyya, amma a haɗa da asibiti, domin addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. A fara da asibitin da ke kusa, su za su tura gaba in ya kama. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Dawanau, nan kan hanyarmu ta shiga birni, akwai kuma sashen masu wannan lalura a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. Ko gwamnati ta gane haka, domin a Janairun 2023 aka sanar da sa hannu a sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 da ke kallon mai ciwon kamar wanda za a kulle kawai.

Mu kuma yi hattara da gajeriyar hanya. Haɗin ƙwayoyin da ake ƙulla mana a leda da sunan maganin gajiya, ba mu san abin da ke ciki ba, kuma yawan shan maganin ciwon jiki barkatai yana taɓa ciki da ƙoda. Kun tuna a watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan an ga ɓarnar da ya yi, har a cikin matan aure da 'yan mata a Kano. Da yawa daga masu faɗawa irin wannan ba da iskanci suke farawa ba, barci suke nema.

To, me za mu yi? Shugabanni sun zauna, ga shawarwari huɗu da muke kawo wa taro, ku ne masu amincewa ko gyarawa.

Na ɗaya, duk wadda ta ga ba za ta iya biya a kan lokaci ba, in ta zo ta faɗa kafin ranar, a zauna da ita mutum biyu kawai, a sake tsara mata biyan, kuma kada a karanta sunanta a taro. Kuɗin dai na mutane ne, sai an biya. Amma a ba ta hanyar biya da mutuncinta.

Na biyu, a ware wani abu kaɗan daga kowane zubi a asusun taimako, dabam da na rance, don ciwo da haihuwa da rasuwa, saboda kada jarin sana'a ya riƙa ƙarewa a gadon asibiti.

Na uku, mu sayi abin awon jini na ƙungiya, mu roƙi malamar asibiti ta koya wa biyu daga cikin 'ya'yanmu masu karatu, a riƙa awo ranar taron wata. Wadda aka ga nata ya hau, a raka ta asibiti.

Na huɗu ba ya cin ko kwabo. In 'yar'uwa ta yi fashin taro sau biyu a jere, mutum biyu su je gidanta da gaisuwa, ba da littafi ba. In ta ce ba komai, a zauna a sha ruwa, a sake tambaya. Abin da aka ji kuma amana ne. Duk wadda ta kai shi bakin rijiya ko gidan biki ta rushe abin da muka shekara goma muna ginawa, domin daga ranar ba mai sake buɗe baki.

Mazajenmu, muna da roƙo. In ta ce ta gaji, ba raini ba ne. In ta ce za ta je awo, a ba ta izini da kuɗin mota. Jarin da ta karɓo kuma bashi ne a wuyanta, in an ara a mayar. Mun san ku ma kuna ɗauke da naku, kuma namiji ya fi mace ɓoyewa, don haka awon jinin nan har da ku. Iyayenmu surukai, kun sha wuyar da ta fi tamu, ba mai musu. Amma in amarya ta yi shiru ta rame, kafin a ce 'yan zamani ba su da haƙuri, a jawo ta ɗaki a tambaye ta kamar 'yar cikinku. 'Yan matanmu, ku ci gaba da kawo mana kalmomin makaranta, muna so. Sai dai in kun ce "sitires", ku ƙara mana da Hausa, mu san ko gajiya ce, ko tsoro, ko wani ne ya ɓata muku.

Allah ya jiƙan 'yan'uwanmu da muka fara wannan tafiya tare ba su ga yau ba, ya raya abin da suka bari. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya biya wa masu bashi bashinsu, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Allah ya maimaita mana.

Yanzu sai ma'ajiya ta matso da littafinta.